Amsar Yaya kan maganar Baba Kirsimeti

Salamu alaikum. Auta na ji saƙonki tun jiya, wuta ce ba mu da ita. Kin ce yaron ya dawo daga makaranta can Ingila yana tambayarki wai da gaske Baba Kirsimeti na shigowa gida da daddare ya ajiye wa yara kyauta, ke kuma kina so ki ji in kin ce masa eh ko kin yi ƙarya. To ni dai na san ba fatawa kike nema ba, tsoro kike kar ya zama shi kaɗai ne daban a aji. Amma tunda kin tambaya, ƙarya ce mana. Yaro ya dube ki ya ce Mama da gaske ne, ki ce eh, me sunan wannan?

Ai kin san hadisin nan na Abu Dawud, matar da ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka, Annabi SAW yana zaune a gidan ya tambaye ta me za ki ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. Dabino fa.

Kuma kar wani ya kawo min maganar tatsuniya. Inna in ta gama ba cewa take ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya ba? Kowa ya tashi ya san wasa ne.

Ki faɗa masa gaskiyar kawai. Akwai wani limamin coci Nikolas da ya rayu a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, kusan shekara 1,700 kenan, an san shi da yin kyauta a ɓoye, daga nan labarin ya samo asali. Jajayen kayan nan da Baba Kirsimeti ke sawa kuma Coca-Cola ce ta ƙirƙiro, a'a ba ita ta ƙirƙiro ba, tallarta ce tun 1931 ta yaɗa shi. Ki ce iyaye ne ke sayen kyautar, amma kar ya je yana ɓata wa yaran mutane, wannan tsakaninsu da iyayensu ne.

Ni abin da ya sa nake zafi, kin tuna Goggo da kuɗin yawon Sallah? Ba za ki tuna ba, kina goye. Mu wuni muna yawo, takalmi ya ci min ƙafa, in ƙulle kuɗina a bakin ɗankwali, ta kwance ta ce tunkiya za ta saya min a ƙauye. Sallah uku ina tambayar tunkiyar nan, har cewa ta yi ta haihu biyu, har suna na sa musu wallahi. Ranar da muka je ƙauyen na zaga bayan gida ina nema, matan gidan suna ta dariya. Allah ya jiƙanta na yafe, amma daga ranar ko me ta ce min sai na je na tambayi Baba.

Dama me nake cewa... eh, ki saya masa wani abu ki miƙa masa da hannunki ki ce ni na saya. Bari in duba tukunya.