Tambaya da Amsa: Wai me 'yan majalisa ke zuwa yi a tarukan ƙasashen waje?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Kullum sai mu ji a rediyo wai tawagar sanatoci ta tafi taron majalisun duniya, yau Geneva gobe wani gari, alhali muna da ministan harkokin waje da jakadu ana biyansu albashi. Dan Allah wane aiki suke yi a can, ko dai yawon cin estakod ne kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar estakod ba zan musa maka ba, akwai wanda zai je ya sa hannu a rajista, a ɗauke shi hoto da tutar ƙasa a gabansa, daga nan sai kantin turare. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Taron da kake ji ana cewa Geneva ɗin nan na ƙungiyar majalisun duniya ne, IPU, kuma tsohuwa ce tukuf don ta girmi Majalisar Ɗinkin Duniya nesa ba kusa ba. A 1889 aka kafa ta a Paris, wani ɗan majalisar Ingila William Randal Cremer da wani Bafaranshe Frédéric Passy suka haɗa kai a kan cewa in ƙasashe sun samu saɓani a kai gaban masu sasanci maimakon a ɗauko bindiga, dukkansu biyu daga baya sun samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Yanzu majalisu wajen 180 ne a ciki, suna babban taro sau biyu a shekara. A 2014 ɗan Kamaru Martin Chungong ya zama babban sakatarenta, ɗan Afirka na farko kenan, a 2023 kuma a Luanda aka zaɓi Tulia Ackson ta Tanzaniya shugaba. Gaskiyar magana ƙungiyar ba ta da soja ba ta da takunkumi, kudurorinta shawara ce kawai. Abin da ni na fi ganin amfaninsa shi ne kwamitinta na kare haƙƙin 'yan majalisa, tun 1976 yake bibiyar shari'ar duk ɗan majalisar da gwamnatinsa ta ɗaure ko aka ɓatar da shi, su yi ta aika wasiƙa suna tura wakili kotu har sai gwamnati ta ji kunya.

To amma tunda kai ɗan kasuwa ne bari in kawo maka wanda ya shafi shago. A 2020 hukumomin Ghana sun bi shagunan 'yan Najeriya a Accra suna garƙama musu kwaɗo, mutum ya zo da safe ya tarar da kayansa a ciki shi yana waje. Hujjarsu dokar zuba jari ta ƙasar, wadda ta ce baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan 1 kuma ya ɗauki 'yan ƙasa 20 aiki. Mai sayar da cajar waya da ƙyallen waya ina zai ga dala miliyan? Su ma fa 'yan Ghana suna da nasu haushin, don Najeriya ta rufe boda a Agustan 2019 kayansu sun maƙale a hanya. Ana cikin wannan cacar baki a Satumbar shekarar kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin Femi Gbajabiamila ya tashi takanas ya je Accra, ya zauna da takwaransa Mike Oquaye, ya kuma ga shugaba Akufo-Addo.

Me yasa kakaki, ba minista ba? Don abin da ya kulle shagunan doka ce, kuma majalisar Ghana ce ta yi ta, jakada ko ya kwana yana magana ba zai iya goge layi ɗaya a cikinta ba, sai waɗanda suka rubuta. Ba zan ce maka zuwan nasa ya kashe wutar nan take ba, rigimar ta ci gaba da tashi tana kwanciya, amma dai an sauko daga zage-zage a jarida an koma teburi. Kuma haka abin yake a gida, sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk yarjejeniyar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a waje ba ta zama doka a Najeriya sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka. Ka duba ma Suwidin, sai da ta yi ta jiran majalisar Turkiyya da ta Hungary har farkon 2024 kafin ta samu shiga ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO, don sai majalisunsu sun amince.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Daga Maraɗi nake. Lokacin da aka ce za a kawo mana yaƙi a 2023, ina majalisar CEDEAO take? Ko dai suna ne kawai?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, a gaida mutan Katsinar Maraɗi. Tana nan a Abuja, ECOWAS muke ce wa ƙungiyar ta ƙasashen Afirka ta Yamma a nan ɓangaren. Kafin fitar ƙasashen Sahel kujeru 115 gare ta, Najeriya ita kaɗai 35, Nijar 6. Naku ma ya taɓa riƙe ta, Mahamane Ousmane ɗan Damagaram ya yi shugabancinta daga 2006 zuwa 2011. Sai dai ba jama'a ke zaɓensu kai tsaye ba, kowace majalisa ce ke tura nata daga cikin gida, kuma maganar tura soja ba a hannunsu take ba, shugabannin ƙasa ne ke yankewa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli sun yi zaman gaggawa ta intanet a Agusta, kai ya rabu, wasu na cewa a nuna wa sojoji ƙarfi kar abin ya zama ɗabi'a, wasu irin su Sanata Ali Ndume na cewa sam ba a yaƙi da maƙwabci, ƙarshe dai aka tsaya a kan a kafa kwamitin sulhu.

Inda majalisa ta yi nauyi da gaske a ganina majalisar dattawan Najeriya ce, saboda ita tana da haƙori, tsarin mulki ya ce ba a tura sojan Najeriya yaƙi wajen ƙasa sai da amincewarta. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda ba, kuma ba abin mamaki bane, jihohi 7 ne ke iyaka da Nijar daga Kebbi har Borno, sanatan da mazaɓarsa ta haɗa da Jibiya ko Illela ko Maigatari ya san in harsashi ya tashi a gidan surukan masu zaɓensa zai faɗa. Ran 5 ga Agusta majalisar ta yi zaman sirri ta fito ta ce a bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Ba su kaɗai suka kashe maganar ba fa, kar a ci haƙƙin wasu, Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi sun je Yamai, Sarki Sanusi ya je, tawagar malamai ma ta je ta ga Janar Tiani, shugaban sojojin da suka karɓi mulki.

Ita majalisar ta ECOWAS a Mayun 2024 a Kano ta zauna ta zaɓi Memounatou Ibrahima 'yar Togo, mace ta farko da ta shugabance ta, Sanata Barau Jibrin na mataimaki na ɗaya. An yi ta kiran a lallashi Nijar da Mali da Burkina Faso su dawo, bai yiwu ba, ran 29 ga Janairun 2025 ficewarsu ta tabbata. Wani abin da ya ƙara wahalar da aikin shi ne juyin mulkin ya rushe majalisar dokokin Nijar ɗin kanta, to ka ga ko ɗan majalisar Najeriya ya ɗauki waya zai kira takwaransa a Yamai a lokacin, babu mai kujerar da zai ɗauka.