Tambaya da Amsa: Ta Ina Ake Shiga Adabin Filifin?

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan adabin ƙasar Filifin, musamman abin da ake karantar da ɗaliban ƙasar a makarantunsu. Mun ɗauki guda biyar.

TAMBAYA: Malam, an ba mu adabin Filifin a darasin adabin duniya, sai na tarar da littattafai cunkus, wasu da Sifaniyanci, wasu da Ingilishi, wasu da harsunan da ban taɓa jin sunansu ba. Wanne ne nasu na ainihi? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Duk nasu ne, 'yar'uwa. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,000 da harsuna fiye da 100. Manyansu sun haɗa da Tagalog da Cebuano da Ilokano da Hiligaynon. Sifaniya ta mulke ta daga 1565 zuwa 1898, Amurka ta karɓa har zuwa 1946, in ban da shekarun mamayar Japan na 1942 zuwa 1945. Kowane mai mulki ya bar harshensa a alƙalamin marubuta. Littafin farko da aka buga a ƙasar, a 1593, na koyar da addinin Kirista ne, da Sifaniyanci da Tagalog. Ingilishi kuwa ya shiga aji ne gadan-gadan daga 1901, lokacin da Amurka ta turo ɗaruruwan malaman makaranta.

Saboda haka kada ki fara da haddar sunaye. Duk rubutun da ya zo hannunki, ki yi masa tambaya uku: da wane harshe aka fara rubuta shi, a wace siga, kuma wa ke mulki a lokacin? Tsarin da aka daɗe ana bi a makarantun sakandaren ƙasar ma ya nuna hakan. A aji na 7 ana karanta Ibong Adarna, a na 8 Florante at Laura, a na 9 Noli Me Tangere, a na 10 El Filibusterismo. Biyun farko waƙoƙi ne masu ba da labari da Tagalog, biyun ƙarshe ƙagaggun labarai ne da aka rubuta da Sifaniyanci. Kafin waɗannan duka akwai adabin baka: bugtong, wato kacici-kacici, da salawikain, wato karin magana, da dogayen waƙoƙin jarumai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na kasa rarrabe awit da korido. Kuma in na ƙirga gaɓoɓin ɗango sai lissafina ya ƙi fita daidai. Ina matsalar take? Daga wani malamin sakandare.

AMSA: Bambancin yana ga awo, Malam. Dukansu waƙoƙin labari ne 'yan ƙwar huɗu da suka bunƙasa a zamanin Sifaniya, labaran sarakai da 'ya'yan sarakai na ƙasashe masu nisa. Amma ɗangon korido gaɓa 8 gare shi, na awit kuwa 12, da ɗan numfasawa bayan gaɓa ta 6. Shi ya sa korido ke tafiya da sauri a baki, awit kuma a tsanake. Ibong Adarna korido ne, labarin 'ya'yan sarki uku da suka fita neman tsuntsun da waƙarsa za ta warkar da mahaifinsu. Florante at Laura na Francisco Balagtas, wanda ya fito a 1838, awit ne mai baiti 399. Ana yawan cewa korido ya fi cika da sihiri, awit ya fi kusa da rayuwa ta zahiri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ma'auni ba ne da za ka dogara da shi; ƙirga gaɓa kawai.

Kuskuren lissafi kuwa wuri uku yake fitowa. Na farko, wasula biyu in suka jeru a Tagalog ba sa narkewa su zama gaɓa ɗaya. Kalmar kalayaan, wato 'yanci, gaɓa huɗu ce: ka-la-ya-an. Wanda ya ja "yaan" a matsayin dogon wasali ya yi asarar gaɓa ɗaya ke nan. Na biyu, 'yar kalmar nan ng da ake rubutawa ba wasali, "nang" ake furta ta, gaɓa ɗaya ce cikakkiya. Na uku, mga, mai nuna jam'i, "ma-nga" ce, gaɓa biyu. Da yake waɗannan biyun suna faɗowa a kusan kowane baiti, mai ƙirga da ido kullum lissafinsa zai gaza. Da baki ake ƙirgawa.

Tunda an taɓo awo, wanda suke kira sukat, bari mu ƙara da amsa-amo, wato tugma, don nan ma ana tuntuɓe. A waƙar gargajiya ta Tagalog wasulan amsa-amo kashi uku ne: a ita kaɗai, e da i tare, o da u tare. Kalmar da ta ƙare da wasali mai hamza ba ta amsa wadda ta ƙare da wasali sake. Bata, wato yaro, tana ƙarewa da hamza; mata, wato ido, ba ta da ita. A takarda kamar tagwaye suke, amma kunnen ɗan harshen ba ya karɓarsu a baiti ɗaya, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna hamzar, sai an duba ƙamus mai alamomi. Baƙaƙen ƙarshen kalma su ma rukuni biyu ne: masu ƙarfi, b, k, d, g, p, s, t, da masu taushi, l, m, n, ng, r, w, y. Muddin wasalin ƙarshe ɗaya ne, baƙaƙe biyu daga rukuni ɗaya suna amsa juna. Don haka kada ka yanke wa mawaƙi hukuncin karya ƙafiya don ka ga ɗango ya ƙare da "at" wani da "ak".

In kana son aikin aji mai sauƙin dubawa, ba ɗalibai tanaga: ɗango 4, kowanne gaɓa 7, amsa-amo ɗaya a tsarin asali, da hoto guda da ke ɗauke da ma'ana a lulluɓe, abin da suke kira talinghaga. Dalit ma ɗango 4 ce, amma gaɓa 8. Pasyon, waƙar wahalhalun Yesu da ake rerawa a Makon Tsarki, wato makon da ke gabanin bikin Ista na Kirista, ƙwar biyar ce mai gaɓa 8. Gaspar Aquino de Belen ya buga tasa a farkon ƙarni na 18.

TAMBAYA: Malam, na ji akwai Musulmi da yawa a kudancin ƙasar. Suna da rabo a wannan adabi kuwa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Suna da shi, babba ma. Mutanen Maranao na gefen tafkin Lanao a tsibirin Mindanao su ne masu Darangen, waƙar jarumai mai sassa 17 da ɗango kimanin 72,000, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin manyan kayan gadon baka na duniya a 2005. Asalinta ya girmi zuwan Musulunci yankin; daga baya aka rubuta sassanta da kirim, ajamin Maranao. Gidajen sarautar Sulu da Magindanao kuma suna da tarsila, rubutattun salsalar sarakuna, kalmar da ta fito daga Larabci. Takwarar Darangen a arewa ita ce Hudhud ta mutanen Ifugao, wadda galibi mata ke rerawa a lokacin girbin shinkafa da zaman makoki. Ita an karrama ta tun 2001.

Sai dai akwai ɗaya fuskar. A zamanin Sifaniya an yi wasan kwaikwayo mai suna komedya, ko moro-moro, wanda jigonsa yaƙi ne tsakanin Kirista da Musulmi, kuma ƙarshensa sananne ne tun kafin a fara: Musulmi su sha kaye ko su karɓi baftisma. Ganin haka ne ya sa masu nazari ke tsayawa a kan Florante at Laura. Balagtas ya kai labarinsa Albaniya, inda Florante, Kirista, yake ɗaure jikin itace a ƙurmi saboda makircin ɗan ƙasarsa Adolfo, kuma wanda ya cece shi daga bakin zakuna shi ne Aladin, yarima Musulmi daga Farisa. Mugun na gida ne, mai ceton baƙo. Amma kada a zuzuta abin fiye da kima, don a ƙarshen waƙar Aladin da masoyiyarsa Flerida sun karɓi baftisma. Balagtas ya lanƙwasa al'adar zamaninsa, bai karya ta ba.

TAMBAYA: Da gaske ne doka ta wajabta karanta littattafan Rizal? Me ke cikinsu haka? Daga wani ɗalibin shari'a.

AMSA: Gaskiya ne. Doka ce mai lamba 1425 ta shekarar 1956, wadda Sanata Claro M. Recto ya tsaya mata duk da adawar Cocin Katolika. Ta wajabta koyar da rayuwar José Rizal da rubuce-rubucensa a makarantun gwamnati da masu zaman kansu.

Rizal likitan ido ne, an haife shi a 1861. Ya buga Noli Me Tangere a birnin Balin na Jamus a 1887: Crisostomo Ibarra ya dawo gida bayan shekara bakwai a Turai da burin gina makaranta, ya tarar mahaifinsa ya mutu a kurkuku, limaman coci 'yan Sifaniya, irin su Padre Damaso, su ne wuƙa su ne nama a garin. El Filibusterismo ya fito a birnin Ghent na Beljiyam a 1891, babi 39. A ciki Ibarra ya dawo bayan shekara 13 da sunan Simoun, attajirin mai sayar da kayan ado, yana shirya tawaye. Rizal ya sadaukar da littafin ga limamai uku 'yan ƙasa, Gomez da Burgos da Zamora, waɗanda aka kashe a 1872. Shi ma an harbe shi a Manila ranar 30 ga Disamba, 1896.

Kurakurai biyu ke yawan faruwa. Ɗaya, a karanta taƙaitacciyar fassarar makaranta a ɗauka an karanta Rizal. Taƙaitawa takan bar ƙashin labari ta zubar da zambo da barkwanci, alhali a nan gwanintarsa take, musamman a littafin farko. Biyu, a ɗauki maganar tauraro a matsayin ra'ayin marubuci. Simoun na kiran zubar da jini, amma shirinsa rushewa ya yi, kuma babi na ƙarshe muhawara ce da wani dattijon limami ɗan ƙasa, Padre Florentino, a kan dalilin rushewar. A fara da Noli, don na biyun ba ya fahimtuwa sai da shi.

TAMBAYA: Malam, bayan Rizal fa, da wa zan fara? Daga wata marubuciya.

AMSA: Ya danganta da harshe, Malama. A Ingilishi, gajeren labarin Paz Marquez Benitez na 1925, Dead Stars, shi ake ɗauka mafarin gajeren labarin zamani. Carlos Bulosan ya rubuta America Is in the Heart a 1946, a kan wahalar 'yan ci-ranin Filifin a gonaki da masana'antun kifi na Amurka. Nick Joaquin ya fi kowa iya tono tsohuwar Manila, sai dai jimlolinsa dogaye ne, suna son haƙuri. F. Sionil José ya bi tarihin ƙasar na kusan shekara ɗari a littattafai biyar da ake kira jerin Rosales, jigonsu ƙasar noma da masu ita.

A Tagalog akwai Lope K. Santos, mai Banaag at Sikat na 1906, a kan ma'aikata da masu jari. Da Amado V. Hernandez, shugaban ƙwadago da ya yi shekara biyar a tsare daga 1951, ya kuma yi waƙoƙi a kurkukun. A ganinmu mai farawa ta fara da Lualhati Bautista. Littafinta Dekada '70 yana kallon mulkin dokar soja da Ferdinand Marcos ya ƙaƙaba a 1972 ta idon uwa mai 'ya'ya maza biyar, da harshen hira na yau da kullum.

In kuma muhawara ke burge ki, nemi balagtasan, jayayya cikin waƙa tsakanin mawaƙa biyu a gaban jama'a, da alƙali mai suna lakandiwa a tsakaninsu. An fara ta a Manila ranar 6 ga Afrilu, 1924, don tunawa da Balagtas, inda Jose Corazon de Jesus da Florentino Collantes suka kara, ɗaya a matsayin malam-buɗe-littafi, ɗaya a matsayin ƙudan zuma, suna takarar fure guda.