Mai gida ya ba ni notis na kwana bakwai: dole ne in tashi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekarata uku a gidan da nake haya, kuma shekara-shekara nake biya. Bana abubuwa sun yi mini tsauri, sai na biya rabi, na roƙi a ɗaga mini ƙafa kan sauran. Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar an zuro takarda ta ƙarƙashin ƙofa, wai in kwashe kayana cikin kwana bakwai. Wakilin mai gidan ne ya sa hannu. Da na kira shi sai ya ce ranar da wa'adin ya cika zai zo ya canja kwaɗo. Ina da yara biyu, kuma ban san inda zan nufa ba. Shin dole ne in tashi ranar?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo sauƙi. Ki fara kwantar da hankalinki da wannan: takardar da aka zuro miki ba hukunci ba ce. Notis sanarwa ce daga mai gida cewa yana son gidansa, ko yana son kuɗinsa, kuma idan bai samu ba zai kai ƙara. A kusan duk inda aka tsara dokar haya, alƙali ne kaɗai ke da ikon cewa a fitar da ɗan haya, kuma ma'aikatan kotu ne ke zartar da umarnin. Ranar da wa'adin notis ya cika, abin da mai gida ya samu shi ne damar zuwa kotu. Bai samu damar taɓa ƙofarki ba.

Ba ki faɗi ƙasar ko jihar da kike ba, ga shi kuma yawan kwanakin ya danganta da wuri. Don haka zan nuna miki yadda ake karanta irin wannan takarda, tare da misalan dokokin wurare dabam-dabam, ki auna da na inda kike.

Abin farko da lauya ke dubawa shi ne irin notis ɗin, domin ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai na bashi, mai cewa ki biya ko ki tashi. Akwai na saɓa sharaɗi, mai cewa ki gyara ko ki tashi, kamar a ce kin sa wani a gidan ba da izini ba, ko kin mai da ɗakin kwana shago. Waɗannan biyun suna barin ƙofa a buɗe: idan aka biya ko aka gyara cikin wa'adi, magana ta mutu. Akwai kuma wanda ba ya ba da zaɓi, wanda ake ajiyewa don babban laifi, irin lalata gini da gangan ko aikata haramtacciyar sana'a a ciki. Na ƙarshe shi ne na kawo ƙarshen haya ba tare da wani laifi ba, kuma shi ya fi dogon wa'adi, tunda ɗan hayar bai yi komai ba.

A Amurka kowace jiha da nata. A Kalifoniya notis na bashi kwana uku ne, amma tun 2019 ba a ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutun kotu a ciki. Dole kuma a rubuta ainihin kuɗin hayar da ake bi. Idan mai gida ya ƙara a kai, ko ya cusa tarar jinkiri, takardar na iya faɗuwa a kotu ya koma farko. A Niyok da can kwana uku ne, dokar 2019 ta mai da shi 14. A Faransa, ƙarƙashin dokar 6 ga Yuli 1989, mai gidan da ba ya son sabunta hayar gidan da babu kaya a ciki sai ya ba da sanarwa wata shida kafin wa'adi ya ƙare, ya kuma faɗi dalili: zai zauna da kansa ko wani nasa, zai sayar, ko akwai wani ƙwaƙƙwaran dalili. Ko an yi hukunci ma, ba a fitar da mutane daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda sanyi, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye. Ingila ta daɗe tana da sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988, wanda ya ba mai gida damar ba da wata biyu ba tare da faɗin dalili ba, har aka yi sabuwar doka a 2025 don soke shi.

Kwana bakwan da ke takardarki ya sa zan ɗan tsaya kan tsarin Najeriya, domin a can adadin yake da ma'ana ta musamman, kuma a nan ake yawan ruɗa mutane. A tsarin, takardu biyu ne. Ta farko ita ke yanke hayar, kuma tsawonta na bin yadda ake biya idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta zayyana shi ƙarara: wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata uku ga mai biyan wata uku-uku ko wata shida-shida, wata shida ga mai biyan shekara. Dokar karɓar gidaje da ake aiki da ita a Abuja ma rabin shekara ta ba mai biyan shekara. Sai wannan wa'adi ya cika, ɗan haya bai tashi ba, sannan a ba shi takarda ta biyu, ta kwana bakwai, wadda ke cewa mai gida na da niyyar zuwa kotu ya nemi gidansa. Kin ga ashe kwana bakwan ma ba na kwashe kaya ba ne, na shirin shiga kotu ne.

To, idan a irin wannan tsari kike, tambayar ita ce ina takardar farko? Amma kada in yi miki daɗin baki, akwai halin da kwana bakwai kaɗai ya isa. Idan kun rubuta yarjejeniya mai ƙayyadadden wa'adi, daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma ranar ta wuce, hayar ta mutu da kanta, babu buƙatar a yanke ta. Haka kuma kotu na iya ɗaukar wanda wa'adinsa ya ƙare ya ci gaba da zama ba biya a matsayin mai zaman alfarma, wanda ba shi da wata shidan. A nan rabin kuɗin da kika biya yake da daraja. Idan an karɓa a matsayin kuɗin sabuwar shekara, lauyanki zai kafa hujja da cewa mai gida da kansa ya amince da sabuwar haya. Saboda haka ki nemo rasit ɗin, ko shaidar tura kuɗi ta banki, ko saƙon da kuka yi musaya lokacin da kika roƙi a ɗaga miki ƙafa. Ki kuma karanta yarjejeniyarku layi-layi, don sau da yawa mutum ya sa hannu kan gajeren wa'adi bai lura ba, kuma a wurare da dama kotu na bin abin da aka rubuta.

Sai batun wanda ya sa hannu. Wakili ko lauya na iya ba da notis a madadin mai gida, amma ana so ya kasance yana da izini, kuma a tsarin Najeriya da na ambata kotuna na neman a nuna izinin a rubuce. Kina da damar tambayarsa cikin ladabi ya nuna miki. Ki duba kuma ko sunanki daidai ne, ko an bayyana gidan yadda ba za a rikita shi da wani ba, da kwanan watan da aka rubuta. Yadda takardar ta iso hannunki ma abin lura ne. Yawancin dokoki sun fi son a miƙa hannu da hannu. Liƙawa a ƙofa kan zo ne bayan an nemi mutum an rasa. Faransa ta taƙaita hanyoyin zuwa wasiƙa mai rajista, ko ta hannun jami'in shari'a, ko a miƙa a sa hannu an karɓa. Ki rubuta ranar da kika tsinci takardar, ki ɗauki hotonta, domin daga isar da ita ake fara ƙirga kwanaki.

Na san 'yan haya da yawa kan ji wannan bayani su ce shi ke nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bari in laɓe bayan kuskuren takarda. Ra'ayina, wannan dabara lokaci kawai take saye, kuma lokacin ma ba shi da tabbas. A 2021 Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, ta nuna cewa shigar da ƙara da isar da sammaci na iya gyara kuskuren da ke cikin notis, domin kada ɗan haya ya shafe shekaru a gidan mutum yana fakewa da tangarɗar takarda. Ko inda kuskuren ya rushe ƙarar, mai gida zai rubuta sabuwa ne, bashi kuma na nan yana hauhawa. Ba a yafe kuɗin haya don notis ya zo a karkace.

Maganar canja kwaɗo kuwa, wakilin ya wuce gona da iri. Canja makulli, fitar da kaya waje, yanke wuta ko ruwa, cire ƙofa ko rufi don a ƙuntata wa mutum ya gudu, duk wannan korar ƙarfi ce. A Ingila laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, a Legas ma dokar 2011 ta tanadi tara ko ɗaurin da zai kai wata shida ga wanda ya yi. Ɗan hayar da aka yi wa haka na iya neman diyya, ko da kuwa ana bin sa bashi. Ki tura wa wakilin saƙo a rubuce, ba cikin faɗa ba, ki ce kin ga takardarsa, kina nan har kotu ta yi magana, kuma ba ki yarda a taɓa ƙofarki ba. Idan ya zo duk da haka, kada ki yi kokawa da kowa. Ki kira maƙwabta su shaida, ki ɗauki hoto, ki kai rahoto wurin 'yan sanda, sannan ki garzaya kotu.

Cikin kwanakin nan ki nemi mai gidan shi kansa, ba wakili kaɗai ba, don wani lokaci wakili kan yi zafin da ba a sa shi ba. Ki je da tayi a rubuce: zan biya kaza ranar kaza, sauran ranar kaza. Ki faɗi abin da za ki iya, kada ki yi alkawarin da zai ba ki kunya. Duk abin da kika biya ki karɓi rasit, a rubuta na wane lokaci ne. Idan ya ƙi karɓa, ki ajiye kuɗin gefe tare da shaidar kin miƙa an ƙi. Wasu dokoki, har da ta Legas, sun ba ɗan haya damar neman biya ta hannun kotu. Shari'a na cin kuɗi da lokaci, kuma masu gida da yawa sun fi son kuɗinsu a kan zaryar kotu.

Idan kuma sammaci ya zo, wannan takardar ce ba a wasa da ita. Ki je ranar da aka rubuta, ko da ba ki da lauya, ki kuma tambaya a kotun ko akwai ofishin taimakon shari'a na kyauta. Wanda bai je ba ana iya yanke hukunci a bayansa, a ba mai gida duk abin da ya nema. Wanda ya je kuwa yana iya nuna rasit ɗinsa, ya ƙalubalanci adadin bashin, ya roƙi a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan, ko a ba shi lokacin neman wani gida. Ki riƙe yarjejeniyar, da rasit, da wannan takarda ta kwana bakwai, da saƙon da wakilin ya yi barazanar kwaɗo idan a rubuce yake, ki gaya wa alƙali kina da yara biyu.