Me Ya Sa Baba Yake Ranƙwafawa Idan Tafiya Ta Yi Nisa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma rayuwarsa duka a noman shinkafa ya yi ta a fadamar Argungu. Idan yana tsaye a ƙofar gida yakan miƙe sosai, amma da zarar mun kama hanyar masallacin Juma'a sai ya riƙa ranƙwafawa a hankali, har sai ya nemi dakali ya zauna. Yayyena sun ce tsufa ne kawai. Shin haka ne? Daga wani mai karatu, Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri, domin abin da idonka ya kama, wato bambancin tsayuwarsa da tafiyarsa, shi ne abin da likita zai fi son ji.

Ƙashin baya ba sanda ba ne. Jerin ƙasusuwa ne 33, kuma 24 daga cikinsu, na wuya da na gadon baya da na kwankwaso, su ne masu motsi. A tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai riƙe ruwa. Da shekaru suka ja, faifan yakan bushe ya motse, lanƙwasar kwankwaso da ke mayar da jiki baya ta ragu, doro kuma ya ƙaru, sai nauyin kai da ƙirji ya rinjaya gaba. A tsaye jiki yana da dabarar ɓoye wannan, domin yakan karkata ƙugu baya, ya ɗan lanƙwashe gwiwa, tsokar baya kuma ta ɗaure. Tafiya ita ce ke tona asirin, saboda kowane taku yana bukatar cinya ta miƙe zuwa baya, ƙugu ba zai iya zama a karkace ba, sai aikin duka ya koma kan tsokar baya, wadda ita ma tsufa ya rage mata ƙarfi. Bayan 'yan mintuna sai ta gaji, mutum ya fara sunkuyawa, takunsa ya gajarta, idonsa ya koma ƙasa.

Akwai dalili na biyu da zan so ka bincika, saboda zancen dakalin da ka yi. A cikin ƙashin baya akwai kafar da jijiyoyin ƙafa suke bi, kuma ga wasu tsofaffi takan ƙuntata a kwankwaso. Miƙewa tana ƙara matse ta, sunkuyawa kuma tana buɗe ta. Mai wannan larura yakan ji ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun sage idan ya yi tafiya, ya samu sauƙi da ya zauna, kuma sau da yawa yana iya tuka keke zuwa gona ba tare da wahala ba alhali tafiyar ƙasa ta gagare shi. Ka tambayi Baba cikin ladabi ko yakan ji haka, domin dattawanmu ba su cika faɗin ciwo ba sai an tambaye su. Idan haka ne, ranƙwafawar magani ce da jikinsa ya samar wa kansa, kuma ba daidai ba ne a riƙa ce masa ya miƙe.

Ka kuma duba shi idan ya kwanta rigingine a kan tabarma. Idan bayansa ya shimfiɗe, ƙashin bai ƙage ba, kuma akwai kyakkyawan fata ga motsa jiki. Idan kansa ba ya kai ƙasa sai da matashi biyu, wataƙila wasu ƙasusuwan sun lotsa saboda rashin ƙwari, abin da ya fi samun mata bayan ɗaukewar al'ada amma bai bar maza ba. Idan kuma akwai karkarwar hannu da jan ƙafa, a duba cutar Fakinsin, wato wata cutar ƙwaƙwalwa mai taɓa motsin jiki.

Shawarata ita ce ku kai shi babban asibiti a Birnin Kebbi, a yi masa hoton ƙashi yana tsaye, kuma ka gaya wa likita tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya fara sunkuyawa. Masu gashin ƙashi za su koya masa atisayen ƙarfafa tsokar baya da ta ɗuwawu. Kada a hana shi tafiya, a dai raba masa ita da hutu. Sandar dogarawa ta kai daidai wuyan hannunsa idan ya saki hannun a tsaye, domin gajeriyar sanda ƙara ranƙwafar da mutum take yi. Ban goyi bayan a kai shi wurin mai ɗori ya danne bayan ba, saboda ƙashi mara ƙwari yana iya karyewa.

Amma idan fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya sage, ko ƙafa ta raunana farat ɗaya, a tafi asibiti a ranar. Haka kuma rama da zazzaɓi da gumin dare tare da ciwon baya suna iya nuna tarin fuka ya shiga ƙashin, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.