Amsar tambayar Malama kan baje kolin tarihin fursunonin Ostireliya

Salamu alaikum jama'a. Malama, kin tambaya me ya sa gidajen tarihi na Ostireliya suke haɗa fursunoni da 'yan ƙaurar Ayalan a zaure ɗaya, kuma ina matsalar take. To, ga amsa.

Daga 1788 zuwa 1868 Ingila ta kwashe fursunoni wajen 162,000 zuwa can, kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Ayalan ne. Jirgin ƙarshe ma, Hougoumont, da ya isa tashar jiragen ruwa ta Fremantle a yammacin Ostireliya a 1868, akwai 'yan tawayen Ayalan 62 a cikinsa. Sannan ki duba barikin Hyde Park da ke Sidni: an gina shi don fursunoni maza, daga 1848 kuma ya koma masaukin mata baƙi, har da marayun 'yan matan da yunwar Ayalan ta koro. Gini ɗaya ne, ta yaya za ki raba labarin?

Babbar matsalar ita ce, abin da ya tsira yawanci kayan hukuma ne: marin ƙarfe na ɗaure ƙafa, bulala, rajista. In kika cika akwatin gilashi da su, labarin gandiroba kika bayar. Shi ya sa ake farautar ƙananan kaya. Akwai kwabon jan ƙarfe da fursuna yake gogewa har ya yi sumul, ya zana sunansa da saƙon ban kwana ya bar wa iyali. A barikin Hyde Park kuwa ɓeraye ne suka yi aikin adana, suka ja ƙyallaye da maɓallai da guntun takardu ƙarƙashin katakon daɓe, aka tono su bayan shekara ɗari da wani abu.

Wajen ajiya, kada a haɗa ƙarfe da yadi a akwati ɗaya. Mari yana son bushewa, danshi ƙasa da kashi 40, in ba haka ba tsatsa ta taso, musamman wanda ya sha gishirin teku. Yadi da takarda kuwa wajen kashi 50, haske kada ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), kuma a riƙa sauke su daga wurin baje koli bayan 'yan watanni. Lallausan bargon da mata fursunoni suka ɗinka a jirgin Rajah a 1841, wanda ake ajiye da shi a Kanbera, ba kullum ake fito da shi ba saboda haka. Launin da haske ya ci ba ya dawowa.

Wata matsalar kuma a ɓangaren baje kolin sojojin sa-kai take, nan ake yawan kuskure a rubutun allon bayani. Mutum 750 ko kusa da haka da suka tashi daga Sidni zuwa Suwakin ta Sudan a 1885, sojojin yankin mulkin mallaka na New South Wales ne, ba na ƙasar Ostireliya ba, don sai 1901 aka haɗa ƙasar. Kuma in aka rataye kakinsu ba a faɗi cewa mutanen Mahadin Sudan aka je yaƙa ba, rabin labari aka bayar.

Ga mai neman sunayen fursunoni kuwa, rajistar fursunonin Ayalan ta kafin 1836 ta ƙone a Dublin, babban birnin Ayalan, a 1922, sai dai a bi takardun jirgi na ɓangaren Ostireliya. Wassalam.