Ɗan sanda ya tsare ƙanena kwana 5 ba laifi, shi zan kai ƙara ko gwamnati?

Ɗan uwa haɗa su duka, shi ɗan sandan da kwamishinan 'yan sanda na jihar, don shi kaɗai albashinsa ba zai biya diyya ba. Sashe na 35(6) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a biya shi diyya kuma a nemi afuwarsa a bainar jama'a. Za su fake da dokar kare ma'aikatan gwamnati mai cewa wata 3 kawai ka ke da shi, amma ƙa'idojin 2009 na kare haƙƙin ɗan adam sun ce irin wannan ƙara ba ta da wa'adi. Matsalar tana wajen karɓar kuɗin, sai antoni janar ya amince kafin a taɓa asusun gwamnati, wallahi abin da ciwo. Nemi lauya ku tafi babbar kotu.