Tambaya da Amsa: Wane doki ne ya fara cin Kofin Saudiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Jidda ne, kuma a majalisarmu ta bayan isha'i gardama ta kaure a kan tseren dawakin da ake yi a Riyad. Wasu sun ce Maximum Security ne ya fara cin kofin, wasu kuma sun ce wata goɗiya ce. Don Allah a warware mana, a kuma ba mu tarihin gasar da dawakin da suka ci ta daga farko zuwa 2025.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare a majalisarku yana da abin kamawa, amma masu cewa goɗiya ce su ke da gaskiya a yau.

An fara gasar Kofin Saudiyya ranar 29 ga Fabrairu, 2020, a filin sukuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Janadriyya, kusa da Riyad. Tsere ne na shimfiɗaɗɗen fili, babu tsallake shinge, a kan turɓaya, tsawon mita 1,800. Kuɗin da ake rabawa dala miliyan 20 ne, rabinsu na dokin da ya zo na ɗaya, abin da ya sa tun ranar farko ta zarce kowane tseren dawaki a duniya wajen tsoka.

A daren farko Maximum Security na Amurka ne ya riga kowa isa, goɗiya Midnight Bisou tana biye da shi. Ba a yi mako biyu ba hukumomin Amurka suka tuhumi mai horar da shi, Jason Servis, da ɗura wa dawaki haramtattun magunguna, sai hukumar sukuwa ta Saudiyya ta riƙe kuɗin, ta ce sai an ga ƙarshen shari'a. Servis ya amsa laifi, aka yanke masa shekara huɗu a kurkuku a 2023, sannan a 2024 aka soke nasarar dokin aka mayar wa Midnight Bisou. A ganina jinkirin ya yi yawa, domin shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne ga masu goɗiyar, amma hukuncin ya yi daidai, kuma shi ya tsare mutuncin gasar tun tana jaririya.

A 2021 Mishriff, dokin Yarima Faisal wanda John Gosden ya horar a Ingila, ya cim ma Charlatan na Amurka dab da ƙarshe ya wuce shi, David Egan yana kansa.

Shekarar da na fi so a tsaya a kanta ita ce 2022, lokacin da aka ɗaga gasar zuwa rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli a tseren duniya. Hankalin masana duk yana kan baƙin dawaki, Mishriff ma ya dawo kare kambinsa, sai ga Emblem Road, wanda Mitab Almulawah ya horar a nan cikin ƙasar, ya taso daga can baya ta gefen waje, ya kere Country Grammer. Mahayinsa Wigberto Ramos ne, mutumin Panama da ya daɗe yana sukuwa a Saudiyya. Gaskiya ne a Amurka aka haifi dokin, amma duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san cewa barga da hannun mai kula su ne ke yin ingarma, shi ya sa filin ya ɗauki sowa irin wadda ba a yi wa baƙo.

Daga nan Japan ta shigo da ƙarfinta. Panthalassa ya ci a 2023, ya kama gaba tun daga tashi bai sake ta ba, Country Grammer kuwa ya sake zuwa na biyu. Senor Buscador na Amurka ya karɓa a 2024 da tazarar da ba ta wuce kan doki ba tsakaninsa da Ushba Tesoro. A 2025 Forever Young, Ryusei Sakai yana riƙe da linzaminsa, ya yi kan-kan-kan da Romantic Warrior na Hong Kong, wanda ya riga ya wuce shi har ana ganin an gama, sai Forever Young ya sake taso masa ya tsere da tsawon wuya. Yoshito Yahagi ne ya horar da shi, kamar yadda ya horar da Panthalassa, don haka ya zama mutum na farko da ya ɗauki kofin sau biyu.